Inna ta ce mai rai ba ya rabon gadonsa

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan shekara 31 ne a Argungu, ina da mata da 'ya ɗaya. Sana'ata zane, allunan shaguna da bangon makarantu, sai ɗaukar hoto a gidan biki. Bara da damina aminina ya rasu bayan jinyar kwana biyar. Tun makarantar allo muke tare. Ranar rabon gado aka fito da kayansa tsakar gida ana yi musu kuɗi. Butar shayin da muka shekara goma muna sha a majalisarmu, aka haɗa ta da tsofaffin ƙarafa aka ba 'yan gwangwan. Har yau abin bai bar zuciyata ba.

Sai na ƙudura in raba kayana da hannuna tun ina raye, in mayar da shi aikin fasaha a kan abota. Na rubuta kaya 40 da abokai 40. Kowa in ba shi abin da ya haɗa mu, in ɗauke shi hoto riƙe da shi, in rubuta labarin a ƙasa, in baje hotunan lokacin bikin kamun kifi. Na ba mutum 13, sai abubuwa suka cakuɗe. Inna ta kira ni tana kuka, ta ce: “Wa yat taɓa ganin mai rai shina rabon gado nai?” Ita gani take jifa aka yi mini, ko kuma ina jin mutuwa a jikina. Matata ta daina yi mini magana tun da ta ga kafet ɗin falo da babur ɗina a cikin jerin. Yayana ya ce in kuskura in fitar da rediyon marigayi mahaifinmu. Wani abokina ɗan kabu-kabu na kai masa babbar rigata, da na ɗaga kyamara sai ya ajiye ta ya ce shi ba ɗan gudun hijira ba ne. Wanda na ba agogo kuwa, bayan mako biyu na gan shi a hannun wani, ashe ya sayar. Waɗanda ba sa cikin jerin sun fara ja da baya. Kawu, in ci gaba ko in bari? In karɓo agogona?

Mai zane, daga Argungu

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan amininka, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta takardarka sau biyu, kuma duka biyun a wurin butar nan na tsaya. Masu rabon gado ba su yi laifi ba, aikinsu ke nan, su yi wa kowane abu ƙima don kada haƙƙin maraya ya salwanta. Ɗan gwangwan ma bai yi laifi ba, sikeli ya sani. Abin da ya sosa maka rai shi ne shekara goma ta hira da dariya da musu a kan ƙwallo ba ta ƙara wa butar ko giram ɗaya ba. Ba hauka ba ne mutum ya ji zafin wannan, kuma ba hauka ba ne mai zane ya nemi ya yi wani abu da zafin. Kana da shaida a garinku. Gidan tarihin Kanta, wanda aka gina a 1831, ya kasance fadar sarki har 1942 kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958, me ke cikinsa in ba takubba da masu da tambura da komatsan kamun kifi ba? A cire musu labarin wanda ya riƙe su da ranar da aka riƙe su, da yawansu ɗan gwangwan ne zai taya. Tunaninka yana da tushe. Tafiyar da shi ce ta karkace.

Amma kafin mu je can, akwai tambayar da zan yi maka, kuma ba na son amsar kunya. Mutum ya yi babban rashi, sannan ya fara rabar da abubuwan da yake ƙauna, wannan yana cikin alamomin da likitocin ƙwaƙwalwa ke sa wa ido, domin wani lokaci bankwana ce a ɓoye. Ban ce kai haka kake ba. Takardarka cike take da shiri, da baje koli, da abin da za ka yi gaba, kuma wannan ya kwantar mini da hankali. Duk da haka ka tambayi kanka cikin dare lokacin da ba kowa: kana barci? Abinci yana shiga? Ko ya taɓa zo maka a rai cewa gara a ce ka bi shi? In har ko sau ɗaya wannan tunanin ya zauna maka, to ka dakatar da rabon nan yau, ka gaya wa matarka ko yayanka da bakinka, ku tafi babban asibiti a Birnin Kebbi, in ya kama a tura ka asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ka je. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, ana maganinsa, kuma addu'a ba ta hana ganin likita. In kuwa amsar a'a ce da gaske, to alhamdulillahi, mu ci gaba.

Inna ba ta jahilci komai ba. A duk tsawon rayuwarta, sau nawa ta ga an fito da kayan namiji ana miƙa wa mutane ɗaya bayan ɗaya? Ranar da aka raba na mahaifinku, da ranar da aka raba na abokinka. Kai kana ganin fasaha, ita tana ganin makara. Kalmar “aikin fasaha” ba za ta share mata hawaye ba, ko ka maimaita ta sau ɗari. Ka je ɗakinta bayan isha'i, ka zauna a ƙasa, ka ba ta labarin butar kamar yadda ka ba ni, ka ce mata kewar abokinka ce ke cin ka, kuma ba inda za ka je da yardar Allah. In ta ce a yi maka addu'a ko a karɓo rubutu wajen malamin da ta yarda da shi, kada ka tsaya gardama, hankalinta take nema ya kwanta. Akwai wani mai fasaha ɗan ƙasar Sin, Song Dong, da mahaifinsa ya rasu a 2002, mahaifiyarsa ta shiga ƙunci mai tsanani. Ita mace ce da ba ta yar da komai, ko murfin kwalba. Sai ya jawo ta suka jera kayan da ta tara fiye da dubu goma, aka nuna su a Beijing a 2005, ita da kanta take shirya su tana ba masu kallo labarinsu. Ban kawo maka shi don ka kwaikwaya ba. Ina so ka ga cewa uwa tana iya zama abokiyar aiki. Tambayi Inna ƙawayenta na ƙuruciya, wa ta ba ta me ranar aurenta, wace tasa ce har yanzu take ajiye da ita saboda wadda ta kawo ta. Za ka tarar ta fi ka sanin darasin da kake son koyarwa.

Yanzu maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Cikin kaya 40 ɗin nan, wasu ba naka ba ne. Kafet ɗin falo, in da shi aka yi wa matarka jere, to kayan ɗakinta ne, iyayenta suka yi gumi suka saya mata, zamanka a kansa shekara da shekaru bai mayar da shi naka ba. Ko da kai ka saya, a kansa 'yarku take rarrafe. Ka rubuta shi a jerin kyauta ba ka shawarce ta ba, sannan kana mamakin shirunta? Ka ba ta haƙuri ba tare da “amma” ba, ka miƙa mata takardar da biro, duk abin da ta soke ya soku. Rediyon mahaifinku kuwa, in ba a raba gado ya faɗo a kasonka ba, Inna tana da tumuninta a ciki, yayanka da sauran 'yan'uwa suna da nasu. Kasancewar kai ne kake kunna shi bai ba ka ikon kyautar da shi ba. Yayanka ya yi gaskiya, ko da bai faɗe ta da laushi ba. Kuma ka lura da wani abu: yadda kake ji game da butar abokinka, haka yake ji game da rediyon nan.

Babur kuwa, ka cire shi, babu dogon zance. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wani zai ce maka ai Sayyadina Abubakar ya kawo dukiyarsa gaba ɗaya. Haka ne, amma Ka'abu ɗan Malik ma ya so ya yi haka lokacin da Allah Ya karɓi tubansa bayan yaƙin Tabuka, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya riƙe wani abu daga dukiyarsa, hakan ya fi masa alheri, ya riƙe kasonsa na Haibara. Aya ta 29 a Suratul Isra'i ta hana a ƙuƙunce hannu a wuya, ta kuma hana a shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya zauna abin zargi. Kai mai ciyar da mutum biyu ne, ga Inna.

Abokinka ɗan kabu-kabu shi ne ya fi kowa taimakonka a wannan aiki, ko da yake ba ka gane ba tukuna. Ka tsaya a inda ya tsaya. Wane ne ake ɗauka hoto yana riƙe da abin da aka ba shi a ƙasar nan? Wanda ɗan siyasa ya miƙa wa buhun shinkafa, da matar da ƙungiya ta ba gidan sauro, da maraya ranar rabon kayan sallah. Idonmu ya saba da wannan hoton, kuma kowa ya san wa ke sama wa ke ƙasa a cikinsa. Kai ka zo da zuciya ɗaya, amma da ka ɗaga kyamara, rigar ta tashi daga kyautar aboki ta koma tallafi, shi kuma ya tashi daga aboki ya koma abin nuni. Da attajiri ka yi wa haka, dariya zai yi ya gyara tsayuwa. Shi da yake fama da kuɗin mai da balas ɗin mai babur, mutuncinsa ne jarinsa. Kuma ga gargaɗin Suratul Baƙara, aya ta 264, kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa. Hoton da za a rataye a bainar jama'a yana iya zama gori ko mai shi bai nufa ba.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin wannan, wanda nake ganin shi ne asalin kuskuren. A wurinmu kyauta igiya ce, kai biyu gare ta. Dubi yadda mata ke yin biki: ƙawa ta kawo gudummawa ranar suna, a rubuta, ranar nata a mayar mata da abin da ya fi, haka zumuncin yake ta kai da komo shekara da shekaru. Ko yaro aka aiko da kwanon tuwo sai an ba shi tukuici. Wanda aka ba, yana jin nauyi har sai ya rama, kuma a ramawar nan ne yake nuna shi ma mutum ne. Tsarinka ya toshe wannan ƙofar. Kai kaɗai ne mai bayarwa, kai ne mai zaɓen kaya, kai ne mai ɗaukar hoto, kai ne mai rubuta labari, sunanka ne zai hau bango. Mutum 40 aikinsu su miƙa hannu. Ka ce aikin a kan abota yake, amma yadda ka tsara shi a kan kyautarka yake.

Wani Bature ɗan Ingila, Michael Landy, a 2001 ya ƙirga duk abin da ya mallaka, guda 7,227, har da motarsa da rigar sanyin mahaifinsa, ya kai su wani tsohon kanti a titin Oxford da ke Landan, aka yi mako biyu ana ragargaza su a gaban jama'a. Ya yi suna da wannan. Shi kansa kaɗai abin ya shafa, shi ya sa ya iya yanke hukunci shi kaɗai. Ni dai a ganina naka ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba, domin shi shara ya bari, kai kana son ka bar zumunci. Sai dai naka ya fi wuya, saboda kayan aikinka mutane ne masu zuciya, ba a jera su kamar gwangwanin fenti.

To ga yadda nake ganin za ka gyara. Ka koma wurin ɗan kabu-kabun nan ba riga ba kyamara, ka ce masa ka yi kuskure. In hira ta yi daɗi, ka gaya masa gaskiyar abin da kake nema: kai ne mai buƙata, kana roƙon ya taimaka maka da wani aiki don tunawa da marigayi. Daga nan duk wanda za ka je wa, ka raba abu biyun. Kyauta daban, in ya karɓa shi ke nan, ba sharaɗi. Shiga aikin daban, sai in ya so, kuma shi zai zaɓi yadda zai fito: da fuskarsa, ko hannunsa kawai, ko kayan a inda ya ajiye su a ɗakinsa ba kowa a hoton. Ka nuna masa hoton kafin kowa ya gani, in ya ce a goge, ka goge a gabansa. Labarin ma kada ka rubuta shi kai kaɗai, ka bar shi ya faɗi nasa, don na tabbata yadda kake tuna ranar da kuka sayi wata hula a kasuwar Jega ba haka shi yake tuna ta ba, kuma a wannan saɓanin daɗin yake. Mafi muhimmanci, ka buɗe ƙofar ramawa. Ka ce wa kowa ya ba ka wani abu nasa da ba shi da tsada amma yana da labari, tsohon makulli, ƙugiyar kamun kifi, katin makaranta. Ranar baje koli sai a ga abu biyu gefe da gefe, wanda ya fita da wanda ya shigo. Ɗakinka ba zai zama kango ba, Inna kuma ba za ta ga rabon gado ba, musaya za ta gani, abin da ta sani tun tana budurwa.

Kuma ai kai mai zane ne, na yi mamakin yadda ka manta da hannunka. Abubuwan da ba za su fita ba, rediyo da kafet da babur, ka zana su. Ka ba abokin da kuka riƙa sauraron labaran asuba tare zanen rediyon, rediyon ya zauna inda yake. Wani abin kuma aro ya ishe shi, ya yi wata guda a gidan aboki ya dawo.

Agogo ya tafi, ka bar shi. A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta tana kammala da zarar wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa, daga nan dukiyarsa ce, ya ɗaura ko ya sayar. Ka san kuma hadisin da ya kamanta mai komawa kyautarsa da kare mai komawa amansa. Ba ka san me ya sa ya sayar ba. Wataƙila magani ya saya, wataƙila kuɗin makaranta, wataƙila kuma agogon bai taɓa zama masa abin da ya zama maka ba, wannan ma yana faruwa tsakanin masoya. Kada ka tambaye shi, kada ka ba da labarin a majalisa, kada kuma ka saka shi a baje koli sai in shi ya kawo maganar da kansa.

Masu ja da baya kuwa, lambar 40 ce ta kore su. Ranar da ka rubuta jeri, ka sanar da garin cewa akwai na 41. Argungu ba Legas ba ce, kowa ya san wanda aka ba da wanda aka tsallake kafin la'asar. Ka yaga jerin. Ka ce aikin ba shi da adadi, ba shi da ranar rufewa, duk wanda yake da abin musaya ya zo. Kada ma ka ɗaure kanka da bikin kamun kifi. Biki ne babba, tun 1934 ake yin sa, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, amma ba kowace shekara yake samuwa ba, an yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020. Ko an yi ma, hankalin baƙi yana kogin Matan Fada, wajen homa da gora da wanda zai fito da giwan ruwa mafi girma. Su ba su san amininka ba. Nunin farko ya kamata ya kasance inda butar ta zauna, a majalisarku, da tabarma da igiyar shanya da za a rataye hotuna, ga waɗanda ke ciki su fara gani. In sun ji daɗinsa, su da kansu za su ce a kai shi gaba, a lokacin sai ka nemi wuri mafi girma.

Abu ɗaya ban gani ba a takardarka, kuma shi na fi nema. Ka ambaci abokai 40, ba ka ambaci gidan marigayin ba. Yana da uwa a raye? Ya bar mata ko 'ya'ya? Yaushe rabonka da ka leƙa su tun bayan sadakar arba'in? Mutane kan guje wa gidan aboki bayan rasuwa saboda zafin shiga, na sani, ni ma na taɓa yi, na shekara ina zagaye wani lungu kamar ana bi na bashi. Amma zumunta a ƙafa take. In akwai abin da ya cancanci fita daga hannunka ba hoto ba rubutu, to can ya dace ya nufa, ko sabulu da ɗan sukari ne, ko ɗinkin sallar yaro. Ka je ranar Juma'a bayan an sauko, ka gaida tsohuwa, ka bar ta ta yi maganarsa in tana so. Kafin ka tashi ka tambaye ta ko 'yan kofunan shayin suna nan. Ɗan gwangwan ba ya sayen gilashi.